Rigunan Maɓallin Injiniya

Duk faɗin gidan hayar nan mai hawa huɗu, ba a samu mutum ɗaya da ya taɓa ganin takardar makarantar da ta mai da Injiniya injiniya ba. Shi ya laƙaba wa kansa sunan, shi ya rubuta shi da jan fenti a ƙofar wani ɗan akurkin ɗaki da ke ƙarƙashin matakala, inda a da ake jibge tsintsiya da tsofaffin bokitai. Nan ne hedikwatar kamfaninsa. A ciki akwai tebur mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, da kwamfuta wadda fankarta ke nishi tun kafin a ba ta aiki, da kujera mai juyawa wadda hagu kawai take juyawa. In ya miƙe da gaggawa, matakala ce ke fara gaishe shi a ƙeya.

Amma fa kada a raina ɗakin nan, don shi ne ɗan abin da ya rage wa Injiniya na mutunci. Yayansa mai shagon faci ya gaji da ciyar da kamfanin da bai taɓa sayar da komai ba. Ya faɗa masa a gaban matarsa cewa ranar da aka rufe wannan rami, washegari ya same shi a shago, ya tsuguna gaban baho yana tsoma taya a ruwa yana neman inda take yoyo. Injiniya ya ce ya yarda, har da buga ƙirji, don a lissafinsa ranar ba za ta taɓa zuwa ba.

Sai ga ta tana leƙowa. Anti Mai Ɗinki ta hawa na biyu, matar da bakinta ya fi almakashinta kaifi, ta haɗa kan matan gidan a kan a sayi injin wanki na kowa da kowa. Da aka duba, wuri ɗaya ne tak a ƙasa mai famfo a kusa da kuma inda za a jona wuta, shi ne hedikwatar Injiniya. Aka kira mai gidan a waya. Shi kuwa da yake ba a nan yake kwana ba, sai ya ce duk wani babba, namiji da mace, ya jefa ƙuri'a, abin da masu rinjaye suka zaɓa shi ke nan, kada kuma wanda ya sake kiransa.

"Baban yara," in ji matar Injiniya tana ninke kaya, "ka ce a taru a tsakar gida a ɗaga hannu. Kana tsaye kana kallonsu, wa zai iya ɗaga hannu a kore ka? Kunya kaɗai ta ishe ka cin zaɓen nan."

Injiniya ya dube ta da tausayi.

"Ɗaga hannu? A gidan da nake zaune? Madam, duniya ta yi gaba ta bar ki a bakin risho. Manhaja zan gina. Kowa ya ɗauki wayarsa ya danna maɓalli, sakamako ya fito a talabijin. Daga ranar su da kansu za su ce a ƙara mini ɗaki."

"Ka taɓa gina wata?"

"Na fara da yawa."

"Cewa na yi ka taɓa gamawa?"

"Kamar ina jin ƙaurin tukunyarki."

Babu komai a kan wuta, amma ta ƙyale shi.

Ya tara mutane a tsakar gida. Da ya ga tsayinsa bai kai girman maganar da zai yi ba, sai ya shiga ofis ya zaro bulon da ke riƙe da tebur, ya haye kansa.

"'Yan'uwa mazauna," ya fara, "ku kuna ganin maɓalli a waya kuna ɗauka wani ɗan tabo ne mai launi. Ba haka ba ne. Maɓalli kamar mutum yake, ba ya zama da riga ɗaya. Akwai rigar da yake sawa yana zaune yana jira. Akwai wadda yake sawa in yatsa ya sauka a kansa. Akwai kuma ta ranar da ba ya aiki. Wanda ya iya ɗinka rigunan nan uku, shi ake kira injiniya."

"To kawo shi in auna masa wuya mana," in ji Anti Mai Ɗinki.

"Anti, wannan ɗinkin ba na keke ba ne."

"Na ga alama. Da na keke ne da mun ga an gama ko ɗaya."

Ana cikin dariya sai aka ji wani rugugi daga ƙarƙashin matakala: tebur ya gaji da tsayuwa da ƙafa uku. Injiniya ko waiwaye bai yi ba, ya ce kwamfutar ce take sabunta kanta.

Mutum ɗaya ne ya tafa masa, Baba Ɗan-fansho na hawan ƙarshe. Tsohon nan ya ɗauki Injiniya tamkar ɗan cikinsa tun ranar da ya ƙara masa girman rubutun waya har ya iya karanta saƙon jikokinsa ba tabarau. Tun daga nan duk wanda ya zagi Injiniya, Baba sai ya ce, "Ku bar yaron nan, kansa yana ja."

Don a saba kafin ranar zaɓe, Injiniya ya bi ɗaki-ɗaki ya sa wa kowa maɓallin gwaji guda ɗaya, shuɗi, an rubuta masa KIRA MAIGADI. Ka danna, wayar Maigadi ta yi cara irin ta zakara, ta nuna masa ɗakinka, ya hau ya ji abin da kake so. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, duk laccar nan ta riguna uku, guda ɗaya ya iya ɗinkawa. Sauran biyun ya fara ganin yadda ake yi a bidiyo, datarsa ta ƙare ana tsakiyar bayani. Saboda haka ko ka danna ko ba ka danna ba, shuɗin nan yana nan yadda yake, ko gezau.

To mutum in ya danna abu bai ga ya motsa ba, me zai yi? Ya sake dannawa mana. Masu haƙuri suka danna a hankali, masu zafin rai suka sa babban yatsa biyu. Baba Ɗan-fansho kuwa ya ɗora waya a cinya, yana sauraron rediyo yana dannawa, a zatonsa abin irin dutsen guga ne, sai ya ɗauki zafi yake aiki.

Maigadi ya ga ta kansa. Zakara ya yi cara, ya haura sama. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa zakara ya yi cara, a ƙasa ake nemansa. Yana saukowa a sake kiransa inda ya baro. Rana ba ta yi sanyi ba ya dira hedikwata yana haki, wayar a naɗe cikin bargo, zakaran yana ta cara daga ciki a shaƙe.

"Injiniya, zo ka yanka zakaranka."

"Ai alamar nasara ke nan. Saƙo yana isowa."

"Saƙo yana isowa, ƙafafuna ne suka daina isa. Na hau wurin Baba har na daina ƙirgawa, kowane zuwa sai ya ce mini wai gwadawa yake yi, bai kama ba tukuna."

Injiniya ya juya kujera ta hagu, ya zagayo ya dawo. "Maɓalli mai aji ba ya sauya fuska don an taɓa shi. Amma tunda mutanen gidan nan sai sun gani da ido suke yarda, zan sa masa riga ta biyu."

Ya jona da datar matarsa ya ci gaba da bidiyon, har inda ya ga ya gane, ya kashe. Rigar dannawa ya zaɓa mata fari tas, wai launin tsafta. Ya manta rubutun da ke jikin maɓallin fari ne, fuskar manhajar ma fara ce. Sai ya zama yatsa na sauka maɓalli ya ɓace ɓat, kana ɗagawa ya dawo.

Baba Ɗan-fansho ya sauko da kansa, yana dafa bango yana duba kan yatsansa.

"Ɗana, ina jin na goge maka shi. Har ƙarƙashin kujera na duba."

"Ga shi nan ai, Baba."

"Af, ya dawo? To wasan ɓuya yake yi da ni."

"Ku ƙyale shi, Baba," in ji Anti daga saman matakala, "halin mai shi ya gado. Mu ma ranar sharar matakala haka muke neman Injiniya."

Yaran gida suka gano akwai wasa a wayar iyayensu, suka shiga gasar ɓatar da maɓalli. Zakara ya dawo da ƙarfinsa. Maigadi ya kashe waya, ya cusa auduga a kunne, ya kulle kansa a ɗaki da makullin babbar ƙofa a aljihu. Ranar ce kuma motar ruwa ta zo, ta yi ta danna oda a waje har ta gaji ta juya. Gida ya wuni ba ɗigon ruwa a tanki. Mata suka riƙa wucewa ta gaban hedikwata da bokitai wayam, kowace sai ta ɗan buga nata a jikin ƙofar kafin ta wuce.

Da wani ne, da tuni ya ba da haƙuri ya ce a ɗaga hannu. Injiniya cewa ya yi yanzu ne ma aikin ya fara daɗi. Ya mai da rigar dannawa shuɗi mai duhu, sannan ya ɗinka riga ta uku: duk lokacin da Maigadi yake hutawa, maɓallin ya koma ruwan toka, ko ka danna ba ya kiran kowa. Ya kuma sake bin ɗakuna yana ba da darasi, ba ya barin ƙofa sai an maimaita masa.

"In kun ga ruwan toka, me ke nan?"

"A mace yake."

"Sai a yi yaya?"

"Kada a taɓa."

Har Anti sai da ya sa ta faɗa, ta faɗa da allura a baki. Abin mamaki kuma, wannan karon abu ya yi aiki. Maigadi ya samu barcin rana, motar ruwa ta shigo, Baba ya riƙa tare mutane a matakala yana cewa ai da ma ya faɗa musu. Da Injiniya ya tsaya nan, da ya sha. Amma nasara ɗaya ta yi masa yawa, kai ya kumbura har karonsa da matakala ya ƙaru.

Ya rufe ƙofa ya zauna ɗinkin rigunan ranar zaɓe. Maɓallai biyu ne, A BAR WA INJINIYA a sama, A SA INJIN WANKI a ƙasa. Nasa ya ba shi launin azurfa, irin na motocin manya, wanda a fuskar kwamfutarsa, cikin duhun ƙarƙashin matakala, yake wani ƙyalli mai sanyaya rai. Na Anti kuwa ya zaɓa masa wani kore shar mai kashe ido, irin na bokitin roba mai araha, don a ganinsa duk mai aji zai ji kunyar a gan shi yana taɓa shi. Daga nan sai wata dabara ta faɗo masa, wadda ta sa shi juyi a kujera har jiri ya ɗebe shi.

"Madam, zo ki ɗauke ni hoto."

Ya tuɓe kwat, ya sa tsohuwar singileti mai huda a kafaɗa, ya murza albasa a ƙasan ido, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Rigar dannawa ce ta maɓallin Anti. Duk wanda ya kuskura ya ɗora yatsa a kan koren nan, koren zai kau, ni zan fito, ido cikin ido. Tausayi ya kama shi, ya janye yatsansa da sauri, ya koma nawa."

"Ashe dai kunyar da na ce maka ce."

"Taki ta gargajiya ce. Wannan ta zamani ce."

"To ƙara langaɓar da kai. Saki leɓen ƙasa. Yawwa, kamar ranar da Yaya ya zo." Ta ɗauka, ta duba, ta juya masa baya kafaɗunta na rawa. Ya tambaye ta ko kuka take yi, ta ce kusan haka ne.

Da ya gama ɗora hoton ta ce, "Ka gwada shi kuwa?"

"In danna na Anti da hannuna? In ba ta ƙuri'ata? Allah ya sawwaƙe."

Ranar zaɓe tun da safe ya hau ya karɓo wayar Baba, ya cika ta da caji fal a ofis ya mayar masa, don kada ƙuri'ar da ya fi tabbas da ita ta mutu a hanya. Da rana ta take aka fito da talabijin tsakar gida aka ɗora a kan benci, ga ginshiƙai biyu a jikinta suna jiran a fara, ɗaya azurfa ɗaya kore. Kowa ya fito da wayarsa. Har Yaya mai faci ya zo, ba wanda ya gayyace shi, ya jingina da bango da wata shuɗiyar rigar aiki a ninke a hammata. Injiniya ya yi kamar bai ga rigar ba.

Ya haye bulo, ya ɗaga waya sama, ya danna nasa. Ginshiƙin azurfa ya ɗan tasa.

"Bismillah, jama'a."

Kowa ya ƙura wa wayarsa ido, ba wanda ya motsa. Azurfar da ke ƙyalli a duhun ofis, da ta fito hasken rana a kan wayoyin da suka sha hannu da maiƙo, ba komai ba ce illa ruwan toka. Mutanen nan kuwa ɗalibai ne masu riƙe darasi. Mafi yawansu, gaskiya, sun fito ne da niyyar bar masa ɗakinsa, don ba wanda yake son a ce shi ya tura maƙwabcinsa bakin titi. Suka tsaya jiran maɓallinsa ya farfaɗo.

Wata mata ta hawa na uku ta gaji da jira, ta ce bari ta ga ko wayarta ce ta sandare. Ta ɗora yatsa a kan koren. Sai ga Injiniya a singileti, hannu biyu a ka, ido jawur, leɓe a sake.

"Allah sarki, bawan Allah," ta ce, ta fizge yatsanta.

Talabijin ta yi ƙara, ginshiƙin kore ya tasa.

Abin da bidiyon nan ya faɗa daga ƙarshe, inda Injiniya ya kashe don a ganinsa ya gama ganewa, shi ne: maɓalli ba ya aika komai lokacin da yatsa ya sauka a kansa. Sai an ɗaga. Wato duk wanda tausayi ya sa ya janye hannu, a daidai nan ya kore shi daga ɗakin.

"Me kika gani?" in ji ta kusa da ita.

"Taɓa ki gani. Wallahi shi ne."

Ta taɓa, ta fashe da dariya, ta ɗaga. Mijinta ya ce shi ma sai ya gani. Kafin Injiniya ya haɗa lissafin abin da ke faruwa, tsakar gida ta kaure da dariya da salati, talabijin tana ta ƙara, kore yana hawa. Maigadi shi bai yi don kuskure ba. Ya ɗora yatsa, ya zauna ya daɗe yana kallon fuskar yana jin daɗinsa, sannan ya ɗaga a hankali yana kallon mai ita.

"Ku tsaya!" Injiniya ya diro daga bulo. "Na sama za ku danna, na sama!"

"Ai a mace yake."

"Azurfa ne, ba toka ba ne."

"Kai da bakinka ka ce kada a taɓa."

"Wancan tokar daban, wannan daban."

"To wannan ta wane murhu ce?" in ji Anti, wadda ta riga ta danna nata kore tun da wuri, ta kuma ce hoton ya fi shi kyau.

Ya waiga neman matarsa, ya same ta tana share hawaye da gefen mayafi, waya a hannu.

"Madam, ke ma?"

"Ni fa na ɗauki hoton, baban yara. So na yi in ga yadda ya fito."

Ya shiga bin sauran da ba su danna ba, yana kama musu yatsa yana kaiwa kan na sama, yana rantsuwa da ransa yake. Wasu suka danna don tausayi, wasu don ya sakar musu hannu. Azurfa ta rarrafa, ta rarrafa, har ta kamo kore. Aka duba talabijin, kunnen doki. Aka dubi juna a ga wa ya rage.

Baba Ɗan-fansho ne. Saukowa daga hawan ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne a wurinsa, duk wannan hargitsi an yi shi yana hanya. Ya iso ya zauna a matakalar ƙarshe yana mai da numfashi, ya zaro waya, ya ga na sama ruwan toka, ya gyaɗa kai irin na ɗalibin kirki. Injiniya yana juyowa, yatsan Baba yana sauka a kan kore.

"Baba, kada ka ɗaga!"

Tsoho ya daskare. Ya dubi fuskar da ke ƙarƙashin yatsansa, ya dubi mai ita. "Subhanallahi. Ɗana, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba. Kada dai ka ɗaga yatsan nan. Kana ɗagawa na tafi faci."

Aka yi masa bayani, mutum uku a lokaci ɗaya. Da ya gane, sai ya gyara zama, ya ƙara danne wayar a gwiwa da hannun hagu, yatsan dama a kafe. Gida ya zagaye shi. Wani ya kawo kujera aka tokare masa gwiwar hannu. Matar Injiniya ta tsaya tana yi masa fifita. Ƙuda ya sauka a hancinsa, mutane suka riƙe numfashi, Maigadi da kansa ya kore shi, ya ce shi ba ya son a ce ƙuda ne ya ci zaɓe. Anti ta aika aka kawo matashi aka sa wa Baba a baya.

"Ni ba ni da gaggawa," ta ce. "Wanki ba ya gudu."

Injiniya ya ruga ofis zai gyara abin daga kwamfuta. Ya manta bulon yana waje, ya dafa tebur, tebur ya tafi da kwamfuta ƙasa, fankar ta yi nishinta na ƙarshe ta yi shiru. Ya miƙe a firgice, matakala ta gaishe shi. Ya fito yana murza ƙeya ya ce kada kowa ya damu, akwai wata hanya: a jira cajin wayar ya ƙare, in ta mutu da yatsa a kai, ƙuri'a ba ta shiga ba.

"Saura nawa cajin, Baba?" in ji wani.

"A cike take fal," in ji Baba. "Yaron kirki, shi ya cika mini da safe."

Yaya mai faci ya warware rigar aiki ya kakkaɓe ta, ya sake ninkewa.

Rana ta fara karkata. Gumi yana bin gemun Baba, amma yatsa yana nan. Injiniya ya durƙusa a gabansa, wannan karon ba albasa, tsoro ne na gaske ya cika masa ido. Yana hango bahon nan da baƙin ruwansa, yana hango direbobi suna kiransa yaron shago.

Baba ya dube shi ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗana. Kowa a gidan nan ya yi maka dariya, ni ban taɓa ba. Kai ka sa nake karanta saƙon jikokina da idona. Ko za mu kai gobe a nan, yatsan nan ba zai tashi ba. In ya ƙage, a binne ni da wayar."

Maganar ta ratsa kowa. Har Anti ta sunkuyar da kai, ana jin tana cewa a hankali wai ko dai a nemi wani wurin a sa injin. Injiniya kuwa tun da yake ba a taɓa faɗa masa magana mai daɗin wannan ba. Zuciyarsa ta cika ta tumbatsa, hawaye suka zubo, ya manta da waya, ya manta da talabijin.

"Baba, kai ne ubana. Kawo hannu."

Ya cafki hannun daman Baba da hannu biyu, ya girgiza, ya ɗaga shi sama don kowa ya ga mutumin kirki.

Talabijin ta yi ƙara.

Baba ya dubi yatsansa a can sama, ya dubi waya a gwiwarsa, ya ce, "To, ni dai ban ɗaga ba."

Yaya ya tako a hankali, ya warware rigar aiki, ya gwada ta a kafaɗun ƙanensa ta baya.

"In ta yi masa tsawo a kawo in rage," in ji Anti. "Kyauta."

Kafin mako ya zagayo an goge jan fenti, injin wanki yana ta juyi a ƙarƙashin matakala, hagu da dama. Abu ɗaya Injiniya ya manta: bai ɗinka wa maɓallin Anti rigar ruwan toka ta bayan zaɓe ba. Ƙuri'a ta rufe, amma har yau in ka ɗora yatsa a kan koren nan sai ya fito a singileti, hannu biyu a ka. Ba wanda ya goge manhajar. Uwaye da ita suke rarrashin yaro mai kuka, matarsa kuma da ya fara cewa yana da wani sabon shiri, sai ta danna ta juyo masa da wayar.

Shi kuwa yana can gaban baho a tsugune, taya a ruwa, baki bai mutu ba. Duk direban da ya tsaya sai ya ji labarin gidansu, gidan da ya fi kowane gida ci gaba a unguwar, mai zaɓe ta waya da injin wanki na zamani.

"Injin wankin nan da kake ji," yakan ce yana nuna ƙirjinsa da jiƙaƙƙen yatsa, "ana ta ja-in-ja an kasa. Ni na kawo shi, da hannuna."

Yaya yana jin sa daga cikin shago, yakan buɗe baki zai ƙaryata shi kamar yadda ya saba, sai ya tuna hannun wa ya ɗaga yatsan Baba, ya ci gaba da aikinsa.